Kafin ku sayi RAM, ku fara duba madabod

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Ga kwamfutar tebur a gabana, na buɗe murfinta. Kun ga wannan babban allon da komai ke hawa a kansa? Shi ne madabod. Dogayen gurabun nan huɗu da ke kusa da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuwa, nan ake sa RAM, wato memorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Idan ta yi kaɗan, sai ku ga an buɗe shafuka goma na intanet kwamfuta ta fara jan ƙafa.

To, kada ku yi saurin zuwa saye. Madabod ne ke yanke hukuncin irin RAM ɗin da zai karɓa. Akwai DDR3, akwai DDR4, akwai DDR5, kuma ba wadda ke shiga gurbin wata. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ƴar tsagar a tsakanin haƙoran zinariyar da ke ƙasan RAM ɗin? DDR4 da DDR5 na kwamfutar tebur duk haƙora 288 gare su, amma tsagar ba a wuri ɗaya take ba. Da gangan aka yi haka, domin wutar da suke ja ta bambanta: DDR4 na aiki da bolt 1.2, DDR5 kuwa 1.1. An taɓa kawo min madabod da gurbinsa ya tsage, mai shi ya danna RAM ɗin da ba ta dace da gurbin ba da ƙarfi yana ganin tsauri ne kawai. Wallahi abin ya ba ni tausayi. In ta ƙi shiga, ku tsaya.

Yaya za ku san naku? A Windows, ku danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager, wato tagar da ke nuna ayyukan kwamfuta, zai buɗe. Ku shiga Performance, sannan Memory. Zai nuna muku saurinta da gurabu nawa ke da RAM a ciki. Manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta ba ku sunan madabod da lambarsa. Da wannan lambar ku je shafin kamfanin da ya ƙera shi, ku ga iyakar gigabait ɗin da yake ɗauka. Masu laftof, taku gajeriya ce, SO-DIMM ake ce mata, kuma wasu laftof ɗin an liƙe RAM ɗinsu da dalma, ba ta cirewa sam.

Ni shawarata, in gigabait 16 kuke so, ku sayi 8 biyu iri ɗaya. Kafin ku sa, ku duba littafin madabod. A mafi yawa gurabun da ake kira A2 da B2 ake fara cikawa, domin hanyoyi biyu da ke tsakanin RAM da firosesa su yi aiki tare. In kun haɗa mai sauri da mai jinkiri, duka za su bi saurin mai jinkirin.

Yanzu na zare wayar wuta. Na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke wutar da ke taruwa a jikin mutum. Na buɗe maƙullan gefen gurbin, na daidaita tsagar, ina dannawa da manyan yatsu biyu a gefe da gefe. Kun ji ƙas ɗin nan? Ta zauna. Bari mu kunna. In sikirin ya ɗan jima baƙi a kunnawar farko kada hankalinku ya tashi, musamman da DDR5, madabod na gwada sabuwar RAM ne. Ga shi ya taso, Task Manager na nuna 16.