Sharhi: Ɗaya bisa x, da rabin amsar da ake zubarwa

Jama'a masu sauraro, yau da malaman lissafi nake, musamman masu darasin yamma da ke shirya yara jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni. Da zarar yaro ya ga x a ƙasan layi, kamar a ɗaya bisa x, sai a ce masa ninka ka haye da shi. In ɓangarorin biyu daidai suke, ba laifi. Amma inda ake tambayar wanne ya fi wanne, wannan ɓarna ce tsagwaronta.

An ce ɗaya bisa x bai kai 2 ba. Yaro ya ninka da x, ya samu x ya fi rabi, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ajiye biro yana murmushi. To malam, sa 1 ƙasa da sifili, wato -1, a madadin x mu gani. Ɗaya bisa shi ya kai 2? Bai kai ba. Duk lambar da ke ƙasa da sifili amsa ce, yaro ya zubar da su kaf.

Bai san x ba! Wannan ita ce maganar. Idan ka ninka da lambar ƙasa da sifili, alamar da ke nuna wanne ya fi wanne juyawa take yi. 3 ya fi 2, amma wanda ake bi bashin naira 3,000 ba zai yi wa wanda ake bi 2,000 alfahari ba. Ta yaya za ka ninka da abin da ba ka san ɓangarensa ba, ka bar alama yadda take?

Wani lokacin ma ƙarya hanyar ke haifarwa. A ce x ya fi ɗaya bisa x, sai ta ba ka 2 ƙasa da sifili, alhali ba amsa ba ce. Amsar gaskiya: sama da 1, ko tsakanin sifili da 1 ƙasa da sifili.

Wasu malamai sun ce ai lokaci ƙanƙani ne a ɗakin jarrabawa. Haba! Saurin da zai kai ka ga kuskure, me amfaninsa? Kuma hanyar daidai layi ɗaya kawai ta ƙara. A fara cire sifili daga cikin amsoshi, don ba a raba da shi. Sannan a ninka da x sau x, wanda ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, alama ta zauna daram. A kwaso komai gefe guda, a zana layin lambobi, a gwada lamba ɗaya a kowane yanki kafin a ajiye biron.