Squid: yadda za ka hana mutum ɗaya shanye koneksiyon ɗin kowa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka daga Damagaram. Yau kan Squid za mu yi magana, wato proxy ɗin da ake ɗorawa a kan Linux ya tsaya tsakanin ordinatocin siber ko biro da intanet, duk wanda zai fita sai ya bi ta ƙofarshi, ƙofar kuma lambarta 3128 in dai ba ka canza ba.

To ga matsalar da muka sani. Ka sayi forfe da tsada, yaro ɗaya ya zauna yana sauke bidiyo, sauran kowa na kuka wai rezo ba kyau, alhali rezo lafiyarshi lau.

Buɗe /etc/squid/squid.conf, fayil ɗin saitin Squid, ka nemo delay_pools, tsarin da ke raba koneksiyon. Mu nan ba sai an koya mana rabon ruwa ba, duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Birni ko Garin Malam ya gane abin: kowane ordinata ana ba shi bokiti, famfo na ɗiga a ciki. Ka sa delay_pools 1, sai delay_class 1 2, sannan delay_parameters 1 -1/-1 64000/2000000 (-1/-1 ɗin na nufin ba iyaka ga jimillar kowa da kowa), kar ka manta da delay_access ɗin da zai ce su wa dokar ta hau kansu. Miliyan 2 ɗin girman bokitin ne, 64000 kuma abin da ke zuba duk sakan. Mai duba shafi ko saƙo ba zai ma ji komai ba, bokitinshi bai ƙarewa, amma mai sauke fim da ya kwashe ruwan sai ya koma jiran ɗigo. A kula fa, lissafin da bayit ne ba bit ba, bayit ɗaya kuma bit takwas ne, 64000 ɗin nan kilobit 512 ke nan, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa su ba da ninki takwas.

In kuma shafi ya ƙi buɗewa, duba access.log, fayil ɗin da Squid ke rubuta duk abin da ya bi ta ƙofarshi. Ka ga TCP_DENIED/403? Kai ne ka hana, Squid daga sama yake karanta http_access, wato layukan izini da hani na squid.conf, ya tsaya a layin farko da ya dace, in deny all ya riga allow ɗinka ka rufe ƙofa da hannunka.

Batun ajiyar shafuka kam, wato Squid ya riƙe kwafin shafi don mai nema na gaba, kar ka sa rai sosai, yawancinsu yanzu HTTPS ne, a kulle suke zuwa, wucewa kawai suke bai iya ajiye su.

Ka gama gyara, buga squid -k parse ya duba maka kuskure, in ba komai sai squid -k reconfigure, ba sai ka katse ma kowa ba.