Keke a Bakin Canal du Midi: Hanyar da Ruwa Ya Shata

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗalibai masu jin Hausa da ke karatu a kudancin Faransa. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa a wurin taron.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaban taro, 'yan'uwa maza da mata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan hawan keke a wannan yanki da muke zaune, kuma na karɓa da hannu biyu. Dalili shi ne abin yana damuna in ga yaro ya zo Toulouse ko Montpellier, ya yi shekara uku, ya koma gida bai san komai ba sai ɗakinsa da aji da tashar jirgi. Alhali mutane na biyan kuɗin jirgi daga Amurka da Jamus don su zo su bi hanyar da ke bayan gidanku.

Hanyar da nake nufi ita ce ta bakin Canal du Midi, mashigin ruwan da aka haƙa da hannu daga Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Sète, a gaɓar Bahar Rum. Tsawonsa kilomita 240. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, wanda ya san dalilin da ya sa kanal ɗin ya kwanta inda ya kwanta, shi zai san inda zai bi bakin ruwa da inda zai bar shi ya haura cikin gonakin inabi. Yawancin masu zuwa suna manne wa ruwan daga farko har ƙarshe, su koma da ciwon baya da rabin labari.

Mu fara da mai aikin. Pierre-Paul Riquet sunansa, haifaffen Béziers, kuma sana'arsa karɓar harajin gishiri. Tun kafin shi an daɗe ana mafarkin haɗa tekun Atlantika da Bahar Rum ta cikin ƙasa, don jiragen kaya su huta da zagaye Sifen. Abin da ya gagari kowa shi ne ruwa. Tsakanin tekunan biyu akwai ƙaramin tudu, Naurouze, mai tsayin mita 189 daga matakin teku, kuma ruwa ba ya hawa tudu. Riquet ya zaga dutsen da ake kira Montagne Noire, ya tattaro ƙoramunsa ta 'yan magudanai, ya gina madatsar Saint-Ferréol don ajiyar rani, ya kawo ruwan ya zuba a ƙoƙon tudun, daga nan ya rabu biyu, wani yamma wani gabas. An fara aiki a 1666 zamanin Sarki Louis na 14, da ma'aikata kusan 12,000 a lokacin da aiki ya yi zafi, cikinsu har da mata da yawa. Ya zuba dukiyarsa har ya ci bashi, ya rasu a 1680, 'yan watanni kafin a buɗe kanal ɗin a 1681. A 1996 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambun rani ya san cewa idan kana so ruwa ya kai kwamin ƙarshe, ba ka yanka masa hanya miƙe. Lallaɓa shi kake yi, kana bin gefen tudu, yana sauka kaɗan-kaɗan. Haka Riquet ya yi, sai dai a faɗin lardi guda. Daga Toulouse zuwa Naurouze wajen kilomita 50 ne, amma hawan bai kai mita 60 ba, ƙafarka ma ba za ta ji shi ba. Can gabas kuma, daga Argens zuwa Fonseranes, akwai fiye da kilomita 50 da ruwan ke kwance daidai wa daida, babu ƙofar ruwa ko ɗaya, wato wurin da ake ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani matakin ruwa zuwa wani. Shi ya sa kanal ɗin ke ta lanƙwasa a wurin. Garin da kake hangowa gab da kai, sai ka daɗe kana zagaye kafin ka isa.

Hanyar gefen ruwan ba don keke aka yi ta ba. Dawakai ne ke binta suna jan jiragen kaya da igiya. Daga Toulouse zuwa Port-Lauragais an shimfiɗa mata kwalta, keken tsere mai siririyar taya zai bi lafiya lau, kuma nan nake ba wanda bai saba ba shawarar ya fara. Amma da ka shiga lardin Aude, sai yanayi ya riƙa sauyawa. Wani wuri an gyara an zuba tsakuwa, wani wuri siririyar turba ce mai saiwoyi a waje, in an yi ruwan sama kuma taɓo. Mai siririyar taya da ya nace wa wannan, faci zai wuni yana yi.

To a nan ne nake cewa ku bar ruwan. Daga Carcassonne, wadda ke kusan kilomita 105 daga Toulouse, ƙasar Minervois na arewa da kanal, Corbières na kudu. Ƙananan titunan lardi, waɗanda lambarsu ke farawa da harafin D, sun ratsa gonakin ko'ina, kwalta ce mai kyau, mota jefi-jefi. Hawa ne na minti biyar ko goma, sai gangara, sai wani hawan. Ba irin na duwatsun Pyrénées ba ne da ke cinye mutum, wannan yana gina ƙafa ne ba tare da ya karya zuciya ba. Zagayen da na fi so shi ne ka tashi daga Homps, tsohuwar tashar lodin ganguna, ka bi ta Olonzac ka haura zuwa Minerve. Ƙauye ne a kan dutse, inda kwazazzaban kogunan Cesse da Brian suka haɗu. A 1210 rundunar Simon de Montfort ta kewaye shi, aka ƙone mabiya ɗariƙar Kiristanci ta Cathar kusan 140 da suka ƙi barin aƙidarsu. Daga nan ka gangaro ta La Caunette da Bize, inda zaitun ke cakuɗe da inabi, ka sake tarar da ruwan a Le Somail. Wuni guda ya isa, har da hutawa da salla.

Na san abin da ke ran wasunku, gara in faɗe shi. Inabin nan kusan duk na barasa ne, kuma za ku ga alluna a ƙofar gonaki ana kiran mai wucewa ya shigo ya ɗanɗana. Wannan ba namu ba ne, mu wuce abinmu. Amma manomin da ke sunkuye yana datse reshe a cikin sanyin Janairu, manomi ne, kuma tarihinsa ya cancanci a sani. A ƙarni na 19 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka, phylloxera, ya cinye saiwoyin inabin Faransa, sai da aka koma ɗaura irin gida a kan saiwar irin Amurka. Da gonaki suka farfaɗo sai kaya ya yi yawa, ga 'yan algus masu haɗawa da sukari, farashi ya faɗi warwas. A watan Maris na 1907 wani mutumin Argeliers, Marcelin Albert, ya ja mutum 87 zuwa Narbonne kai kuka. A ranar 9 ga Yuni, waɗanda suka taru a Montpellier sun haura rabin miliyan. Sojoji sun harbe mutane a Narbonne a wannan watan. Argeliers na bakin kanal, za ku ratsa ta. Ita Narbonne ɗin, da ake kaiwa ta reshen kanal na Robine, ta zauna a hannun Musulmin Andalus kusan shekara 40, har 759. Larabawa na kiranta Arbuna.

Kafin Béziers akwai wurin da ba na so kowa ya wuce da gudu. Tudun Malpas ne, inda Riquet ya huda dutse a 1679 ya shigar da kanal ta ƙarƙashi. Ku jingine keke ku haura tudun Ensérune, ku dubi ƙasa. Za ku ga Montady, tsohon tafki da aka tsiyaye tun ƙarni na 13, gonakinsa a yanke tsini-tsini duk sun nufi tsakiya, inda ruwan ke taruwa ya fice ta ƙarƙashin tudun. Gaba kaɗan sai Fonseranes, ƙofofin ruwa a jere hawa-hawa, waɗanda aka gina tun asali don su sauke jirgi mita 21 cikin tazarar mita 300.

Maganar da ke min zafi ita ce ta itatuwa. Hotunan da kuke gani na kanal cikin inuwa, bishiyar platan ce, kuma an ƙiyasta guda 42,000 a gefensa. A 2006 aka gano cutar funfuna a cikinsu kusa da Carcassonne, wadda ake danganta shigowarta Faransa da akwatunan katako na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da magani. Tana bin ruwa, tana shiga ta raunin da jirage da igiyoyinsu ke yi wa saiwa. An sare fiye da rabi an ƙone. Hukumar VNF mai kula da hanyoyin ruwa tana dasa wasu iri daban-daban, amma bishiya ba ta girma don ana sauri. Saboda haka a gabashin hanyar kada ku dogara da inuwa, kuma don Allah kada wanda ya sassaƙa sunansa a jikin waɗanda suka rage.

Sai iska, wadda ita ce tudun gaskiya a ƙasar nan. Cers na busowa daga arewa maso yamma, busasshiya mai ƙarfi, ita ta fi yawa a Aude. Shi ya sa aka fi tashi daga Toulouse a nufi teku, tana tura ka ta baya. Ranar da iskar marin ta taso daga teku, ko iskar da ake kira autan a wajen Toulouse, lissafi ya juye, don haka ku duba hasashen yanayi tun da dare. Lokaci mafi daɗi Afrilu zuwa Yuni, sai Satumba da Oktoba. A Satumba ana girbi, tarakta da tirela sun cika ƙananan tituna, ruwan inabi na zuba kan kwalta yana sa santsi, ku rage gudu a kwana.

Doka ta hana sa abin sauraro a kunne kana kan keke. Da dare a wajen gari dole fitila da riga mai ƙyalli. Hular kwano wajibi ce ga yaro ƙasa da shekara 12, ni kuwa ina roƙon babba ma ya sa. Shagunan ƙauye na rufewa da tsakar rana, ku sayi burodi tun da safe. In ruwa ya ƙare, yawancin maƙabartun ƙauyuka na da famfo, amma ku karanta allon, in an rubuta cewa ba na sha ba ne ku bar shi. A Castelnaudary za a yi muku tallar cassoulet, dafaffen wake da nama, kuma akasari da naman alade ake yi, ku tambaya kafin ku zauna.

Wanda ya gaji kuma bai maƙale ba. Layin dogo na bin kwarin ta Castelnaudary, Carcassonne, Narbonne, Béziers, Agde har Sète, kuma jiragen ƙasa na yanki, wato TER, na ɗaukar keke, sai dai da bazara ku duba ko ana bukatar kama wuri tun da wuri.

Malam shugaba yana nuna min agogo, nan zan tsaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.