Layuka a Sikirin ɗin Tsohuwar Laftop: Abin da Gwajin Talabijin Yake Nufi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan kwamfutar tafi-da-gidanka da kuke gani a kan tebur ta wata ɗaliba ce a nan Gusau, kuma ta hannu aka saya mata, don haka ta kwana biyu a duniya. Ku dubi yadda jajayen layuka da koraye suke ratsa sikirin ɗin, hoton kuma yana ƙyaftawa kamar tocilan da batirinta ya yi sanyi. Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce: idan na haɗa ta da talabijin, hoto ya fito tas, ke nan sikirin ne ya mutu? Ita ma ɗalibar haka aka gaya mata, har an yanke mata kuɗin sabo.

Matakan farko ba za su ɗauke mu lokaci ba. Ku danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci guda, za ku ga sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci, domin direban hoto, wato manhajar da take sarrafa fitar hoto, shi ne yake sake tashi. Idan matsalar tana nan, ku kashe kwamfutar ku sake kunnawa, ku shiga BIOS, wato shafin saitin da ake iya buɗewa kafin Windows ya tashi, ta hanyar danna F2 a Dell, F10 a HP. Layukan da suka biyo ku har nan ba laifin Windows ba ne, domin a wannan lokacin bai ma tashi ba, kuma daina sabunta Windows 10 da aka yi a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ba ya zana layi a sikirin ɗin kowa.

To, yanzu mun zo inda ake yin tuntuɓe. Ga wayar HDMI, mai kai hoto daga laftop zuwa talabijin, na jona, ga talabijin, sai in danna Windows da P, in zaɓi a nuna hoto ɗaya a wurare biyun. Kada wanda ya ga baƙi a talabijin ya yanke hukunci kafin ya yi wannan zaɓin. Ku duba da kyau: a talabijin hoto garau, a laftop layuka suna nan daram.

Kafin hoto ya iso idonku, wurare uku yake bi. Akwai ƙwaƙwalwar da take sarrafa hoto a jikin babban allon kwamfutar, akwai siririyar wayar da masu gyara suke kira fileks, sannan akwai sikirin ɗin kansa. Hoton da yake zuwa talabijin yana fita ne ta wata hanya daban, bai bi ta fileks ba, bai taɓa sikirin ba. Saboda haka idan talabijin ya nuna hoto mai kyau, ƙwaƙwalwar hoto kaɗai ya wanke, saura abu biyu da ake zargi, wato fileks da sikirin, kuma fileks ta fi sikirin arha nesa ba kusa ba. Da a ce layukan sun bayyana a talabijin ɗin ma, da sai hankali ya koma kan ƙwaƙwalwar, ko zafin da ƙurar hunturu take jawowa idan ta toshe fanka.

Yaya za a raba gardama tsakanin biyun da suka rage? Ku kalli hannuna. Ina kwantar da murfin a hankali, ina ɗago shi a hankali. A nan layukan sun ƙaru, a nan kuma sun ɓace gaba ɗaya. Fileks ta cikin hinji take bi, wato mahaɗar murfi da jikin kwamfutar, kuma duk buɗewa da rufewa tana lanƙwasa, har shekaru su sa ta gaji ko bakinta ya saki. Sikirin da ya lalace yawanci bai damu da yadda aka kwantar da murfi ba. Layinsa yakan tsaya a wuri ɗaya, siriri, daga sama har ƙasa. Masu Dell suna da wani ƙarin gwaji: ku riƙe harafin D sannan ku kunna, sikirin zai riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya, kuma idan layin ya fito a nan, zargi ya fi karkata ga sikirin ɗin.

Gaskiya abin yana damuna idan na ga ɗalibi ya haɗa kuɗin da iyayensa suka sha wahala kafin su samu, ya sayi sikirin, aka ɗaura, kwana biyu layukan suka dawo. Idan kun je wurin mai gyara, ku ce masa, “Malam, don Allah a fara duba mini fileks tukuna.” Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Wanda kuma zai buɗe da kansa, ya cire caja, ya cire batir kafin ya taɓa komai, domin zare fileks da wuta a jiki yana iya ƙona fis ɗin hasken sikirin. Idan sauya sikirin ta kama, ku duba lambar da take manne a bayan sikirin, ku kuma tabbatar ko bakin da fileks take shiga mai ƙafa 30 ne ko mai 40, domin ba sa shiga wa juna.

Ga bakin wayar nan, kun ga ya zame ta gefe ɗaya, salatif ɗin da yake riƙe shi ya bushe. Na mayar da shi, na manne da sabo, na jona batir. Bari mu kunna, mu motsa murfin sama da ƙasa kamar ɗazu. Babu layi ko ɗaya.