Allurar Sinawa: zama nawa ya kamata a yi, yaushe za a tsaya?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na ga wasu iyayenmu sun fara shafa gwiwa tun ban buɗe baki ba, ke nan mun taru a kan abin da ya dame mu.

Tambayar da aka aiko min ita ce, wanda ya fara jinyar allura irin ta Sinawa, wadda ake kira akufanca, sau nawa zai je, kuma har yaushe? Da farko a sani, wannan allura ba ta ɗauke da ruwan magani. Siririya ce ƙwarai, ba rami a cikinta. Ana tsira ta a wasu gurabe na jiki, a bar ta minti 20 zuwa 30, a zare. Za ka ga mutum kwance rub da ciki, allurai goma ko fiye a gadon bayansa kamar bushiya, wani har barci ke kwashe shi. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yi, kuma tawagogin likitocinsu da suka fara sauka Aljeriya a 1963, daga baya suka isa Sudan da Kamaru da Nijar, sun taho da ita.

Kwanakin baya wata Hajiya ta zo wurina da ciwon baya na shekara uku. Ta buɗe jaka ta miƙo min kati, an ja layuka an yi ta sa hannu har an juya bayansa. Na ƙirga, zama 34. Na ce, "Hajiya, kin ji sauƙi?" Ta ce, "To likita, sun ce sai a hankali." Na ce, "Da kika fara, yaya kike salla?" Ta ce a kan kujera. "Yanzu fa?" Ta ce a kan kujera. Awarwaronta ta sayar ta biya. Ba zan faɗi wurin ba, kada ma a tambaye ni bayan an tashi. Abin da ya ɓata min rai shi ne tun ranar farko ba wanda ya ce mata ga inda za a tsaya a duba.

Alhali a ƙasashen da hukuma ko inshora ke biyan kuɗin, an yanka adadi, domin mai biya ba ya wasa da lissafi. A Jamus, tun 2007 inshorar lafiya ta gwamnati take biya wa masu ciwon ƙugu da masu ciwon gwiwa da ya kai wata 6. Zama 10 ne cikin mako 6, kowane zama aƙalla minti 30. Idan da dalili mai ƙarfi a kai 15 cikin mako 12. A Amurka, shirin Medicare na tsofaffi ya fara biya a 2020, don ciwon ƙugu da ya daɗe: zama 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 in ana samun sauƙi, kada a wuce 20 a shekara. Kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa in ba sauƙi, a dakatar. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce ga masu yawan ciwon kai da ciwon ɓarin kai ana iya yin har zama 10 cikin mako 5 zuwa 8. Ita wannan hukumar kuma a 2016 cewa ta yi kada a ba masu ciwon ƙugu, don hujjar ba ta gamsar da ita ba. Kun ga ko su Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba a kan amfaninta, amma a kan adadi kusan duk wuri guda suka faɗa: sau ɗaya ko biyu a mako, wajen zama 10. A asibitocin Sin akan yi kullum ko bayan kwana ɗaya, su ma goma-goma suke ƙirgawa, su huta, su duba.

Bari in ɗan tsaya a kan binciken da Jamusawa suka dogara da shi, wanda aka buga a 2007. Mutum 1,162 masu ciwon ƙugu aka raba gida uku. Gida na farko aka yi musu allurar yadda Sinawa suka tsara. Na biyu aka tsira musu sama-sama, a wuraren da ba su ne guraben ba. Na uku aka bar su da ƙwayoyin magani da gashi da motsa jiki. Bayan wata 6, kashi 47.6 cikin 100 na gidan farko sun samu sauƙi, na biyu kashi 44.2, na uku kashi 27.4. Ni da aikina ke nan gashi da motsa jiki, wannan adadi na ƙarshe ya sosa min rai, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku dubi na farko da na biyu, tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan kwanciyar rabin sa'a, da kulawar mai yi, da sa ran warkewa, suna da babban kaso a cikin sauƙin. Kuma ko a gidan da ya fi dacewa, fiye da rabi ba su kai ga sauƙin da ake nema ba. To wanda zama 10 bai motsa shi ba, me zai sa mu zaci na 30 zai yi?

Shawarata, kafin allurar farko ta shiga jikinka, ka zaɓi abin awo daga rayuwarka. Ruku'u da sujada, tafiya daga gida zuwa masallaci ba tsayawa, ko kwana nawa a wata kai ke sara maka. Rubuta a takarda. A zama na 5 ko na 6 ka ɗauko takardar. In an samu canji, ƙarasa goman, sannan a riƙa buɗa tsakani, daga mako zuwa mako biyu, zuwa wata, har a bari. In shiru kake ji, ka yi godiya ka koma asibiti a sake duba ka. Kuma kada ka biya kuɗin zama 20 a dunƙule.

Na'am, Malam, na ji tambayarka. Yana tambaya ko yawan zuwa na da illa. Ɗan jini ko kwanciyar jini a wurin ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne allurar da aka tsira wa wani aka sake tsira maka, irin matsalar da muke fama da ita da askar wanzami, ga ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu. Sai an ɓare sabuwa daga leda a gabanka. In an zurfafa a ƙirji ko saman baya ana iya huda huhu, shi ya sa sai wanda ya koya. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara. Wanda kuwa ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari na kufce masa, wannan ko zama ɗaya kada ya yi, asibiti zai nufa a ranar.

Akwai wata tambaya daga ɓangaren mata? A miƙo takardar, mu duba kafin a kira la'asar.