Hatsarin mota, binciken gawa da jana'izar Yahudawa

A ce mota ta kife da wani Bayahude a Landan daren Alhamis, rai ya yi halinsa nan take. Iyalinsa so suke a binne shi kafin faɗuwar ranar Juma'a, domin da rana ta faɗi Asabar ta shiga, kuma ba sa binne gawa a Asabar. Ita kuwa hukuma, mutuwar hatsari sai ta bincika. Gawa ba ta barin mutuware sai jami'in binciken musabbabin mutuwa ya sallame ta.

Gaggawar nan daga Attaura take. Littafin Kubawar Shari'a, sura 21 aya 23, ya hana a bar gawar wanda aka kashe bisa hukunci ta kwana a rataye. Malamansu suka ce in haka ne ga mai laifi, balle sauran mutane. Shi ya sa a birnin Ƙudus har cikin dare ake jana'iza.

Amma inda jinkiri ya fi ciwo shi ne gidan mamaci. Zaman makokin kwana 7, wanda suke kira shiba, ba ya farawa sai an rufe kabari. Kafin nan dangi na kusa suna cikin wani hali mai suna aninut: an ɗauke musu wajibcin addu'o'in yau da kullum, kuma ba a fara zuwa ta'aziyya ba. Kwana uku a mutuware, kwana uku ke nan suna rataye. Gawar ma ba a barinta ita kaɗai. Akwai mai gadi da ke zama kusa da ita yana karanta Zabura, ko da a bakin ƙofa ne.

Sai batun jini. Wanda ya mutu yana zubar da jini, a al'adarsu ba a yi masa wankan gawa, ana binne shi da tufafin da jinin ya jiƙa, don jinin wani ɓangare ne na jikinsa. A Isra'ila 'yan sa kai na ƙungiyar ZAKA kan bi wurin hatsari suna tsane jini daga kwalta. To ka ga kuwa feɗe gawa, a wanke tebur jinin ya bi magudana, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Tun ƙarni na 18 babban malamin Yahudawan birnin Prague, Yechezkel Landau, ya yi fatawar cewa ba a tsaga gawa sai in hakan zai ceci ran wani majinyaci da ke gabanmu.

Kotuna ba su cika tafiya a layi ɗaya ba. Wata uwa Bayahudiya a jihar Michigan ta Amurka ta kai ƙara bayan an feɗe ɗanta da ya mutu a hatsarin mota, ta sha kaye a 1990. A Landan kuwa, wata jami'ar binciken musabbabin mutuwa, Mary Hassell, ta ce a 2017 kowa ya bi layi, ba za a gabatar da wata gawa saboda addini ba. Wata ƙungiyar jana'izar Yahudawa ta kai ta ƙara, Musulmin birnin ma abin ya shafe su, tunda damuwar iri ɗaya ce. A Afrilun 2018 Babbar Kotu ta soke tsarin.

Yanzu abin da iyalai kan roƙa shi ne a fara ɗaukar hoton cikin jikin gawa da na'urar asibiti ta CT. In ya nuna sanadin mutuwa, ba sai an sa wuƙa ba. In kuwa ana tuhumar direba, feɗewar kan zama dole, sai su nemi a yi ta da wuri, a mayar da duk abin da aka ciro. Kuma a tuna, a watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4. Takardar sallamar da ta fito ƙarfe 3 na ranar Juma'a, jana'izar sai Lahadi.