Yadda Baiti, Murya da Kiɗa Ke Haɗuwa a Waƙar Soyayya

Assalamu alaikum masu kallo. Ku kasa kunne da kyau, domin yau za mu warware waƙar soyayya mai sanyi, irin wadda ake bugawa a sitidiyoyin Kano da Kaduna, mu ga abin da ke sa ta ratsa jiki.

Kiɗa kunne ke fara ji. Irin waɗannan waƙoƙi tafiyar hawainiya suke yi, yawanci bugu 60 zuwa 80 a minti ɗaya, kusa da bugun zuciyar mutumin da ke zaune a natse. Fiyano ce ke buɗewa ita kaɗai, wani lokaci sarewa na biye da ita. Tun shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ta samu gindin zama a sitidiyoyin Kano, mutum ɗaya ke iya fitar da sautin ganga, goge, sarewa da jita daga na'ura guda. Sauƙi ne ya samu, amma da jarrabawa a ciki. Wanda duk kayan kiɗa ke ƙarƙashin yatsunsa, da wuya ya haƙura ya bar wasu su yi shiru. Gwani yakan haƙura.

Ku lura da abin da ke faruwa da zarar mawaƙi ya buɗe baki. Sarewar nan sai ta ja da baya, ganga ta sassauta. Yana kai ƙarshen ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya tsaya jan numfashi, sai sarewa ta dawo ta cike gurbin, ta ba shi amsa. Wannan musayar ce ke sa kowace kalma ta fito tangaram.

Su kuma baitocin, a nan Hausa ke da nata sharaɗin. Harshenmu yana da karin sauti, wasalinmu kuma akwai dogo akwai gajere. Marubucin da ya san aikinsa yakan ajiye gaɓa mai nauyi, kamar mai dogon wasali, a inda murya za ta ja, ya bar marasa nauyi a inda kari ke gudu. In aka ja gajeren wasali da ƙarfin tsiya don kawai ya dace da kari, Bahaushe zai ji abu ya karkace, ko bai san sunan matsalar ba. Baiti ne ke ɗaukar labari: ranar da aka haɗu, zuwa zance ƙofar gida bayan magariba, maganar da iyaye suka yi. Amshi ba ya son wannan nauyin. Kalmomi kaɗan yake so, da amsa-amo, wato layuka su ƙare da sauti iri ɗaya, mai daɗin baki, yadda mai sauraro zai kama shi tun a ji na biyu.

Murya ita ke haɗa kiɗa da baiti. A baitin farko mawaƙi yakan matso dab da makirufo, ya yi ƙasa da murya, har ka ji fitar numfashinsa. Da an zo amshi sai ya ɗaga, mai haɗa sauti ya ɗora wata muryar a kan ta farko, goge ya shigo, ganga ta cika. Kalmomin amshi ba sa canzawa, nauyinsu ne ke ƙaruwa. In kuma waƙar ta mace da namiji ce, salon da finafinan Indiya suka yaɗa a ƙasar Hausa, kowanne yakan riƙe nasa baitin, sai a amshi muryoyin su haɗu. Tsarin waƙar da kansa yana ba da labarin masoyan.

Abin da ke damuna shi ne Auto-Tune, manhajar gyaran murya da ta fito a 1997. Kaɗan daga cikinta yana daidaita muryar da ta ɗan kauce, wannan ba laifi. Amma in aka cika ta, sai ta goge rawar muryar nan da ke nuna mawaƙi yana jin abin da yake faɗa. Baiti ya ce ana kuka, muryar kuwa sumul ta fito, babu ko gargada. Masu haɗa sauti, don Allah ku rage hannu, ku bar mana ɗan karyewar muryar a inda baiti ya nemi haka.